Lasisin zuba ƙazanta a kogi: yadda Niyu Zilan ke sa ido a kan bola da ruwa, da inda idon ke gazawa

A ƙarshen watan Maris na 2025, hukumar gundumar Queenstown, garin 'yan yawon buɗe ido da ke kudancin Niyu Zilan, ta fara sakin ruwan da ke fitowa daga matatar ruwan masai ta garin kai tsaye cikin kogin Shotover. Kimanin lita miliyan 12 ne a kullum, wato sama da tanka 360 irin ta dakon mai. Ba ta da lasisin yin haka, ba ta kuma tsaya jin ra'ayin jama'a ba. Wani sashe na dokar muhalli da ya yi tanadin ayyukan gaggawa ta riƙe. Wata biyu kafin nan kuwa, hukumar shiyyar Otago ta riga ta maka ta a Kotun Muhalli a kan wannan matata.

Wanda ya san ƙasar a hoto kawai, da duwatsunta masu ƙanƙara da korayen tsaunuka cike da tumaki, zai yi mamaki. Yaya hukuma ke kai hukuma ƙara? Wace irin doka ce ke ba mutum takardar izinin zuba ƙazanta a kogi? In kuma aka ci hukuma tara, daga aljihun wa kuɗin za su fito? Su kansu mutanen ƙasar sukan rikita waɗannan abubuwa, musamman idan aka ce wata matata "ta cika sharuɗɗa", sai su ɗauka an ce ruwanta ya sha.

Mene ne wannan lasisi?

Tushen komai wata doka ce ta kula da albarkatun ƙasa da aka kafa a 1991, wadda kowa a can ke kira RMA. Ta tattara tarin tsofaffin dokokin filaye da ruwa da iska ta mayar da su guda. A ƙarƙashinta akwai lasisi iri biyar: na amfani da fili, na yanka fili gida-gida, na ɗibar ruwa, na sakin gurɓataccen abu, da na aiki a gaɓar teku. Na uku da na huɗu su ne suka fi shafar maganarmu.

Akwai wata dabara a dokar da ya kamata a lura da ita. A kan filinka, kana iya yin abin da ka ga dama sai abin da tsarin gari ya hana. A kan ruwa da sakin ƙazanta kuwa an juya maganar: komai haramun ne sai abin da tsarin shiyya ya halatta ko aka ba ka lasisinsa. Ɗibar ruwan sha na gida da shayar da dabbobi na cikin 'yan abubuwan da aka keɓe. Saboda haka mai gidan gona da ke son jan ruwan ban-ruwa, da kamfanin da ke binne shara, da hukumar gari mai matatar ruwan masai, duk layi ɗaya suke bi.

Lasisin kansa doguwar takarda ce mai sharuɗɗa, wani lokaci gommai. Tana faɗin lita nawa za a saka a rana, yawan ƙwayoyin cuta da sinadarai da aka yarda su kasance a ciki, inda za a riƙa ɗibar samfur, sau nawa a wata, wanda za a kira idan bututu ya fashe da cikin awa nawa. Lasisin ruwa ko na sakin ƙazanta ba ya wuce shekara 35, da yawa ma ba sa kai haka.

To a nan rikicewar take. Babu inda takardar ta ce kada a gurɓata kogi. Gejin gurɓatawar ta yanka, ta ce zuwa nan an yarda. Cika sharuɗɗa na nufin ba ka ƙetare layin da aka ja maka ba, shi ke nan. Ko an ja layin a inda ya dace, wannan wata magana ce daban, kuma layin da aka ja a shekarun 1990 da ilimin wancan lokaci aka ja shi.

Wa ke sa ido a kan wa?

Niyu Zilan, mai mutum sama da miliyan biyar, ba ta da jihohi. Ƙasa da gwamnatin tsakiya akwai hukumomin shiyya 11, waɗanda aka shata iyakokinsu galibi bisa yadda koguna ke kwarara, sai hukumomin birane da gundumomi 67. Shida daga cikin 67 ɗin, har da Auckland da Gisborne da Nelson, suna haɗa aikin shiyya da na gunduma a hannu ɗaya.

Kada a kwatanta su da jiha da ƙaramar hukuma, domin ɗaya ba ta ƙarƙashin ɗaya. Kowacce jama'a ke zaɓen kansilolinta, kowacce tana karɓar harajin gidaje da filaye. Aiki ne ya raba su. Hukumar gunduma ita ke da famfo da magudanan ruwa da matatar ruwan masai da kwashe shara. Hukumar shiyya ita ce mai gadin koguna da tafkuna da ruwan ƙarƙashin ƙasa da iska da gaɓar teku. Duk abin da gunduma za ta saka a kogi, sai ta je wurin shiyya neman lasisi kamar kowane ɗan kasuwa. Shi ya sa Otago ke iya gurfanar da Queenstown. A wuraren nan shida kuwa, hukuma ɗaya ce ke neman lasisi ta wannan ofis, ta bayar ta wancan, ta kuma sa wa kanta ido ta na uku. Sukan ɗauko alƙalan sauraro masu zaman kansu don kauce wa zargi, amma dai mai dokar barci shi ne a kan gadon.

Yadda ake awon

Sa idon kashi biyu ne, kuma bambancinsu ya fi komai muhimmanci a wannan batu. Akwai duba ko mai lasisi na bin sharuɗɗansa. Akwai kuma duba lafiyar muhallin shiyyar baki ɗaya, ko da wane ne ya ɓata shi. Doka ta ɗora wa hukumar shiyya duka biyun.

Mu ɗauki babban ramin binne shara na zamani, irin na Kate Valley da aka buɗe a shiyyar Canterbury a 2005. Kafin a zuba ko leda ɗaya, ana shimfiɗa yumɓu da baƙar roba mai kauri a ƙasan ramin, a jera bututu a kai. Idan ruwan sama ya ratsa ruɓaɓɓiyar shara, yakan fito baƙi wuluk mai ɗoyi, ɗauke da amoniya da gishiri da ƙarafa masu guba. Wannan tsatson bola shi ne babban abin tsoro, bututun kuma aikinsu tattara shi. A kewayen ramin ana haƙa 'yan siraran rijiyoyi na gwaji, wasu ta sama da inda ruwan ƙasa ke gangarowa, wasu ta ƙasa. Ma'aikaci zai zo ya buɗe makullin murfin, ya zura igiyar awo ya ga zurfin ruwan, ya fara zuƙe wanda ya kwana a bututun ya zubar, sannan ya cika kwalabe ya rubuta rana da lokaci a jikinsu, ya jera a akwatin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji. Idan rijiyar ƙasa ta nuna amoniya ko gishirin da babu shi a ta sama, robar nan ta ɓule a wani wuri ke nan.

A matatar ruwan masai, ana auna ƙwayar cutar E. coli, da laka mai yawo a ruwa, da naitirojin da fosforas, da yawan iskar shaƙa da ƙazantar za ta cinye idan ta shiga kogi. Masu ɗibar ruwa kuma, tun 2010 aka wajabta mita a kan duk mai jan lita biyar ko fiye a daƙiƙa, a 2020 aka ƙara da cewa mitar ta riƙa rubuta adadi duk minti 15 tana aika wa hukuma ta na'ura.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yawancin samfurin nan mai lasisin ne da kansa ke ɗiba, ko ya ɗauki hayar mai ɗibar masa, ya tura wa hukuma sakamako. Jami'an shiyya sukan bi takardun, su kai ziyara, wani lokaci ba sanarwa, su ɗebi nasu samfurin don gwadawa. Kuɗin wannan aiki mai lasisin ke biya. Daga nan a ba shi maki: ya cika sharuɗɗa, ko ya saɓa kaɗan, ko matsakaici, ko saɓawa mai tsanani. Wanda ya makara da aika rahoto da wanda ya saki ɗanyen kashi a rafi, duk "sun saɓa" a lissafi, don haka alƙaluman da jaridu ke bugawa na kaso kaza sun saɓa ba sa faɗin komai sai an buɗe cikinsu. Wuraren da ke da lasisi kuma dubbai ne, jami'ai 'yan kaɗan, dole ake zaɓen inda haɗari ya fi yawa a fi kai masa ziyara. Sauran, sau da yawa sai maƙwabci ya ji wari ya buga wayar ƙorafi.

Bulala hawa-hawa

Idan an kama mai laifi, akan fara da gargaɗi a rubuce. Sai takardar umarnin dainawa ko gyarawa cikin wa'adi. Sai tarar nan take, wadda kafin 2025 ta yi shekara da shekaru ba ta wuce dalar ƙasar 300 zuwa 1,000 ba, kuɗin da babban kamfani ba zai ko ji a jikinsa ba. Sama da wannan akwai umarnin Kotun Muhalli, daga ƙarshe sai gurfanarwa a matsayin mai laifi. A irin wannan shari'a ba sai an tabbatar da cewa da gangan ka yi ba. Ƙazantar ta fita daga wurinka ba izini, magana ta ƙare, sai dai in kana da ɗaya daga cikin 'yan uzurorin da doka ta amince da su.

Daga 2009 mafi girman tara ita ce dala 300,000 ga mutum da 600,000 ga kamfani. Gyaran da aka yi wa dokar a watan Agustan 2025 ya ɗaga ta zuwa dala miliyan ɗaya da miliyan goma, ya kuma hana sayen inshorar da za ta biya wa mutum tara. Ɗaurin da ake iya yi an rage shi daga shekara biyu zuwa wata 18, abin da ya cire wa wanda ake tuhuma damar neman masu taya alƙali yanke hukunci, don shari'a ta yi sauri.

Havelock North: ranar da takarda ta kasa tare cuta

A watan Agustan 2016, a wani ƙaramin gari mai suna Havelock North a shiyyar Hawke's Bay, yara suka fara ƙauracewa makaranta da gudawa da amai. Cikin 'yan kwanaki kimanin mutum 5,500 daga cikin 14,000 na garin sun kwanta, an kwantar da 45 a asibiti, ana kuma danganta mutuwar mutum huɗu da ɓarkewar. Ƙwayar cutar kamfilobakta ce, daga kashin tumaki.

Ruwan garin daga rijiyoyin burtsatse na titin Brookvale yake fitowa, ba a zuba masa kulorin, domin an yi imanin ruwan ƙarƙashin ƙasar a killace yake. An yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ya wanke makiyayar tumaki zuwa wani kududdufi da bai kai mita 100 daga ɗaya daga cikin rijiyoyin ba, ruwan kududdufin ya tsatsa ƙasa, famfo ya zuƙo shi ya raba wa gari.

Kwamitin binciken da tsohon alƙali Lyn Stevens ya jagoranta ya fitar da rahoto biyu a 2017, kuma abin da ya tono ya fi ɓarkewar kanta tayar da hankali. An taɓa samun irin wannan cuta a garin a 1998, aka manta. Lokacin sabunta lasisin ɗibar ruwa a 2008 an san akwai alaƙa tsakanin kududdufin da rijiyar, amma damuwar lokacin ita ce kada famfo ya rage ruwan rafin, ba wanda ya tsaya ya ce hanyar da ruwa ke bi cuta ma za ta bi. Hukumar shiyya ba ta ɗauki kare tushen ruwan sha a matsayin aikinta yadda ya kamata ba, hukumar gundumar Hastings, wadda garin ke ƙarƙashinta, ta yi sakaci da kula da bakin rijiyoyin, masu duba ruwan sha na ɓangaren lafiya sun yi sako-sako, hukumomin biyu kuma ba sa ga-maciji. Kwamitin bai ce waɗannan kurakurai ne kai tsaye suka haddasa cutar ba, ya dai ce da babu su da wataƙila labarin ya sha bamban.

Wani abin takaici ma, ana tsaka da jimami hukumar shiyya ta gurfanar da ta gunduma a kan saɓa sharaɗin lasisi, daga baya ta janye ƙarar ta musanya ta da tarar nan take. Kwamitin ya soki wannan mataki, ya ce kuɗin da aka kashe a kai da a binciken ruwan ƙasa aka zuba su da ya fi. Daga wannan masifa aka haifi Taumata Arowai, hukumar ƙasa mai kula da ingancin ruwan sha, wadda ta karɓi aiki a watan Nuwamban 2021.

Lasisin da ya mutu amma yake aiki

Ƙasar na da matatun ruwan masai na hukuma sama da 300, kuma kusan ɗaya cikin biyar lasisinsu ya ƙare. Mai karatu zai ce to ai a rufe su. Doka ta halatta musu ci gaba: sashe na 124 ya ce in ka shigar da takardar neman sabo aƙalla wata shida kafin tsohon ya ƙare, kana iya aiki da tsohon har a yanke hukunci. An yi tanadin ne don kada jinkirin ofis ya tsayar da aiki, amma akwai matatun da suka shafe shekaru masu yawa a wannan hali, suna bin sharuɗɗan zamanin da garin bai kai rabin girmansa na yau ba.

Dalilin a fili yake. Masana'anta in ta ƙi ji ana iya garƙame ta. Gari fa? Ba wanda zai hana mutum dubu hamsin shiga banɗaki. Ruwan zai zo ko da lasisi ko babu. In kuma aka ci gunduma tara, daga harajin mutanen garin za a biya, kashi 90 cikin ɗari na kuɗin ya tafi asusun hukumar da ta shigar da ƙara, wadda ita ma mutanen nan ne ke biyanta haraji. An ciro daga aljihun dama an sa a na hagu, lauyoyi sun yanki nasu a hanya, bututun kuma na nan a fashe. Wannan ne ya sa hukumomin shiyya ke jan ƙafa wajen gurfanar da gundumomi, shi ne kuma abin da ke ƙona wa manoma rai, domin su in tafkin kashin shanunsu ya malala cikin rafi ba a yi musu irin wannan haƙuri. A ganina ƙorafinsu na da ƙamshin gaskiya.

Queenstown misali ne mai kyau domin ba talaucin gari ne ya jawo ba, bunƙasa ce ta yi masa yawa. Bayan an tace ruwan, akan tura shi wani fili mai tsakuwa a bakin kogi don ya tsatsa ƙasa a hankali. Filin ya toshe, ruwa ya kwanta ya zama tafki, wani lokaci ya yi ambaliya. Otago ta yi ta aika takardun umarni da tara, daga bisani ta tafi kotu. Tafkin kuma ya jawo agwagin ruwa, ga filin jirgin saman garin dab da wurin, tsuntsu kuwa in ya faɗa injin jirgi ba a magana. Da wannan hujja gunduma ta ce gaggawa ce, ta karkatar da ruwan zuwa kogi, ta nemi lasisi daga baya. Ta ce ruwan tatacce ne sosai, kogin kuma mai ƙarfi ne zai gauraye shi. Masu adawa suka ce matsalar da aka yi shekaru ana kallo tana girma ba ta cancanci sunan gaggawa ba. Gaba kura baya sayaki, amma da hannunsu suka kai kansu tsakiya.

Ga Maori, 'yan asalin ƙasar, maganar ta wuce lissafin ƙwayoyin cuta. A al'adarsu ƙazantar ɗan Adam ba ta haɗuwa da ruwan da ake sha ake kamun kifi, komai tacewar da aka yi mata, sai ta ratsa ƙasa tukuna. Dokar RMA ta umarci masu yanke hukunci su yi la'akari da alaƙar Maori da ruwayensu da kuma ƙa'idojin yarjejeniyar Waitangi ta 1840, wadda shugabanninsu suka ƙulla da masarautar Birtaniya. Wannan na cikin dalilan da suka sa garuruwa da dama ke neman filin da za su malala ruwan a kai maimakon kogi, fili kuwa tsada gare shi.

Tsohuwar bola ba ta mutuwa

Kafin zamanin roba da rijiyar gwaji, kowane ƙauye na da jujinsa, yawanci a bakin kogi ko gaɓar teku, inda fili ba shi da daraja. An rufe su da ƙasa, ciyawa ta tsiro, aka manta. A watan Maris na 2019 wata ambaliya a gundumar Westland, wadda har ta tafi da gadar kogin Waiho, ta yage gefen wani rufaffen juji a bakin kogin Fox. Sharar shekara da shekaru ta bi ruwa: ledoji, tayoyi, robobi, igiyoyi, suka maƙale a tsakanin duwatsu da kututturan da ruwa ya kayar, suka bazu kilomita da dama a gaɓar teku, a yankin da ke cikin wuraren tarihi na duniya. Gundumar ba ta kai mutum dubu goma ba, ta kasa ɗaukar nauyin, sai da ma'aikatar kula da gandun daji ta karɓi aikin, sojoji da ɗaruruwan 'yan sa-kai suka yi makonni suna tsintar leda da hannu cikin sanyin hunturu.

Irin wannan juji na da yawa a ƙasar. Ana iya auna ruwan da ke tsatsowa daga cikinsa shekara da shekaru a ga komai lafiya, alhali kogin na cin gaɓa yana matsowa taku-taku. Harajin da ake karɓa a kan kowane tan na sharar gida da aka binne, wanda ya fara da dala 10 a 2009 ya kai 60 a 2024, yanzu an yarda a taɓa shi don gyaran irin waɗannan wurare.

Kowa ya bi ƙa'ida, ruwa ya lalace

A nan ne kashi na biyu na sa ido ke tona asirin na farko. A 1990 shanun madara a ƙasar miliyan 3.4 ne, a 2019 sun haura miliyan shida. A Canterbury kaɗai sun tashi daga 113,000 zuwa kimanin miliyan 1.2, da taimakon ban-ruwa da takin zamani. Fitsarin saniya na zuba naitirojin mai yawa a ɗan ƙaramin wuri, fiye da abin da ciyawa za ta iya sha, ragowar ta ratsa tsakuwa zuwa ruwan ƙasa. Babu bututun da jami'i zai tsaya a bakinsa da kwalba. Kowace gona na iya zama cikin sharuɗɗanta, amma idan aka tara dubu, rijiyoyin ƙauye su fara matsowa gejin da aka yanka wa ruwan sha, wato miligiram 11.3 na naitirojin ɗin naitiret a lita. Ruwan ƙasa kuma tafiyar hawainiya yake yi, abin da aka zuba bana yana iya ɗaukar shekaru, wani wurin gommai, kafin ya bayyana.

Da yake ba a iya aunawa kai tsaye, sai aka dogara da wata manhajar kwamfuta mai suna Overseer don ƙiyasta abin da kowace gona ke zubarwa. A 2021 kwamitin masana da gwamnati ta kafa ya ce ba shi da tabbaci a kan alƙaluman da take bayarwa. Sharuɗɗan lasisi da dama a kanta aka gina su.

Ɓangarori da sauyin da ke tafe

Manoma da magina da gundumomi na kukan cewa neman lasisi na cin shekaru da miliyoyi, kowace shiyya da nata ƙa'idojin, kuɗin da ya kamata su tafi ga siminti da bututu suna ƙarewa a hannun lauyoyi da masu ba da shawara. Ƙungiyoyin kare muhalli na cewa doka ba ta gaza ba, aiwatarwa ce ta gaza, kuma kansilan da manoma suka zaɓa da wuya ya matsa a hukunta manoma. Siyasa ta taɓa shiga har wuya: a 2010 gwamnati ta sauke zaɓaɓɓun kansilolin Canterbury kan rikicin ruwa ta naɗa kwamishinoni, ba a dawo da cikakken zaɓe ba sai 2019.

Gwamnatin jam'iyyar Labour ta kafa dokokin maye gurbin RMA a 2023, ta kuma shirya karɓe harkar ruwa daga gundumomi zuwa wasu manyan hukumomi, bayan an ƙiyasta cewa gyaran bututu da matatun ƙasar zai ci dala biliyan 120 zuwa 185 cikin shekara 30. Gwamnatin haɗaka ta jam'iyyar National da ta gaje ta ta soke na farko a Disamban 2023, na biyu a Fabrairun 2024, ta bar ruwa a hannun gundumomi, ta kuma ce za ta maye gurbin RMA da dokoki biyu nata, ɗaya na tsara gari ɗaya na muhalli. A farkon 2025 Taumata Arowai ta fitar da daftarin ma'auni guda na ƙasa ga matatun ruwan masai. Amfaninsa sauƙi da araha, ƙaramin gari ya san abin da zai gina tun farko. Tsoron da ake ji shi ne ma'auni ɗaya ba zai dace da kowane kogi ba, kuma al'ummar da ke son tsaurarawa a nata kogin za ta rasa bakin magana.

Ga magidanci a can, duk wannan na isowa gare shi ta ƙofa biyu. Ta farko takardar harajin gida, wadda ke hauhawa a garuruwa da yawa saboda bashin gyaran ruwa, mai haya ma na ji a kuɗin hayarsa. Ta biyu ita ce lokacin zafi, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iyali ke fita wanka a kogi. Hukumomin shiyya na ɗibar samfur mako-mako a wuraren ninƙaya su sa sakamakon a shafin intanet na LAWA: in E. coli ta wuce 260 a mililita 100 a kunna alamar gargaɗi, in ta wuce 550 a ce kada a shiga. Sai dai gwajin na ɗaukar kusan kwana guda kafin ya fito, samfurin kuma mai yiwuwa tun farkon mako aka ɗebe shi. Shi ya sa a ƙarƙashin kowace koriyar alama suke ƙara wata shawara da ba ta buƙatar ɗakin gwaji: bayan ruwan sama mai ƙarfi a jira kwana biyu zuwa uku, in kuma ka tsaya ruwa ya kai maka ƙwauri ba ka hango yatsun ƙafarka, ka fito.